Kunkurun da Na Ɓoye a Bani Malik

Abin da na fara rasawa a Jidda jakar kayan miya ce. A filin jirgi wata mata mai fara'a, Hausarta tas kamar ta cikin birnin Kano, ta ce in kawo ta riƙe mini in shiga in sabunta alwala. Na fito ban gan ta ba. Daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, da yajin da Inna ta yi kwana biyu tana dakawa, duk sun bi ta. Maigidana, Baban Ummi, ya same ni tsaye ina waige-waige. Shekara uku rabonmu da juna, amma maganar da na fara yi masa ita ce, "An ɗauke mini kuka." Ya yi dariya har ya jingina da bango. Ni kuwa na yi ta tsine wa matar a zuciyata, ina mamakin yadda mutum zai dubi idon wanda ya amince da shi ya cuce shi. Ban san wata biyar kawai ya rage in san yadda ake yi ba.

Da bizar ziyara na zo. Takardun 'yarmu Ummi ba su fito ba, sai na bar ta Haɗejia wajen Inna, tana da shekara huɗu.

Zangonmu na farko unguwar Sa'alaba ce, ɗaki ɗaya da aka raba da katako, mu a nan, wasu 'yan Chadi a can. In sun yi tari muna ji. Ba taga. Na yi wata guda ban san inda rana take fitowa ba sai dai in duba alƙibla a waya. Baban Ummi ya fita tun safe, ni kuma in zauna in yi ta kallon hoton Ummi har wayar ta yi zafi a hannuna. Daga nan Allah Ya sa ya samu ɗaki da ɗan kicin a unguwar Bani Malik, a hawa na biyu na wani tsohon gini, muka koma.

Ranar da muka tare, ko tabarma ban gama shimfiɗawa ba aka ƙwanƙwasa. Wata tsohuwa ce doguwa, baƙa, da tabarau, riƙe da langa mai murfi, irin mai zanen furen nan da ya fara gogewa.

"Salamu alaikum. Ke ce sabuwar? Yalla, maza karɓi, da zafi. Ish sunanki?"

"Saudatu."

"Ni Asma'u, amma duk ginin nan Sitti suke ce mini, har masu gemu. Ke ma haka za ki ce."

Sitti a wajensu kaka ke nan. A Jidda aka haife ta, haka ma uwarta. Kakanninta ne suka taso daga ƙasar Katsina a ƙafa don aikin hajji, ba su koma ba. Hausarta tsohuwa ce, akwai kalmomin da rabona da jinsu tun bakin kakata, sai kuma ta tsinke da Larabci a tsakiyar magana ba ta ma sani ba. A cikin langar akwai shinkafa da aka dafa da madara da romon kaza har ta yi laushi. Na ci ina hawaye, ban san dalili ba. Washegari na yi ɗanwake da abin da na samu, na zuba a langar na mayar, don ko a Haɗejia ko a Jidda ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam. Ta buɗe, ta shinshina, ta ce, "Ba kuka a ciki." Na ba ta labarin matar filin jirgi. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin kuka ta damƙa mini. Tun daga ranar langar nan ba ta yi kwana uku a ɗaki ɗaya ba.

Sitti tana da jika, Rahaf, sa'ar Ummi. Uwarta tana aiki a wani kanti, sai yamma take dawowa. Yarinyar tana jin Hausa amma ba ta mayarwa sai ɗaiɗai. Khala take ce mini, wato inna. Kullum da hantsi, in Sitti ta ɗan kishingiɗa, sai in ji ƙaramin hannu yana dukan ƙofata. In yi mata kitso irin wanda nake yi wa Ummi, in ba ta dabino, in goya ta duk da ta wuce goyo. Allah Ya sani, ba Rahaf kaɗai nake goyawa ba.

Baban Ummi yana aiki a wani shagon dabbobin gida a unguwar Safa, nan cikin Jidda. Mai shagon, Abu Faisal, shi ne kafilinsa, wato da sunansa yake zaune a ƙasar, shi ne kuma mai sabunta masa iƙama, katin zama. Sau ɗaya Baban Ummi ya kai ni na gani. A gaba tsuntsaye ne da kifayen ado da maguna masu gashi kamar auduga. A ciki can kuma akwatunan gilashi ne da fitilu, ga hawainiya, ga wasu korayen ƙadangaru manya kamar damo, ga kunkuru, har da maciji. Na ga wani mutum da farar jallabiya yana shafa ƙadangare kamar jariri. Na ce wa Baban Ummi, "Wannan da a Haɗejia ne da yara sun bi shi da dutse." Ya ce in rage murya.

Shi ya fara ba ni labarin dokar. Ya ce yanzu ba a sayar da irin waɗannan masu jan ciki sai shago yana da izini, kuma kowace dabba da takardar da ta nuna inda aka samo ta. Masu bincike suna zagayawa ba sanarwa. Na yi dariya sosai. Na ce, "To, mutum da iƙama, kunkuru ma da iƙama." Har na kai wa Sitti wannan barkwancin, ita ma ta dara.

Wata Juma'a bayan la'asar Baban Ummi ya shigo da kwali a rungume, ya tura ƙofa da ƙafa, ya murza makulli. Ya ajiye ya buɗe. Roba ce a ciki da ɗan ruwa, cike da 'ya'yan kunkurun ruwa, irin wanda muke kira kififiya, sun fi ashirin, kowanne bai wuce bakin kofin shayi ba, da jan zane a gefen kai.

"Abu Faisal ya ce kwana uku kawai. An ce masu bincike suna Safa. Waɗannan ba su da takarda."

"Shi ba shi da gida ne?"

"Maman Ummi, iƙamata saura wata biyu. In ya ce ɗauki, ɗauka zan yi." Ya zauna ya cire hula. "Kada kowa ya gani. In aka same su a nan, ni za a kama, ba shi ba. Kuma duk sanda kika taɓa su ko ruwansu, ki wanke hannu da sabulu. Akwai takardar gargaɗi da shagunan da ke da izini suke ba mai saye, an ce kada a bari ƙananan yara..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Ni za ka koya wa kunkuru? A gidan kakata akwai wanda ya girmi Baba. A kansa muka yi wasa, muna hawa muna sauka, muna cin tuwo a gefensa. Wa ya mutu?"

Ya ƙyale ni, don ya san in na hau irin wannan maganar ba na sauka. Ni da na yi sakandare, na zana ƙwayoyin cuta a littafi da hannuna, ban tsaya na yi tunanin cewa na kakata a busasshiyar ƙasa yake yawo cikin rana ba, waɗannan kuwa a ɗan ruwa ɗaya suke ci suke kashi.

Kwana uku suka zama mako biyar. Na sa robar a lungun kicin, na rufe da labule. Tausayinsu ya kama ni. Suna hawa kan juna suna miƙa wuya wajen hasken taga, kamar masu neman hanya. Nakan tuna abin da malamai suke faɗa game da matar da ta tsare mage ba ci ba sha, sai in tashi in canza musu ruwa, in gutsura musu latas, in matsar da robar inda rana take shigowa. Biyu sun mutu a mako na biyu, na naɗe su a tsumma na yi ta istigfari.

Da nake ba mutane labarin nan a baya, cewa nake yi Rahaf ce ta gano su. Ba haka ba ne. Uwarta ta saya mata wata na'urar kallon zane, ta yi kwana uku ba ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ba. Ɗakin ya yi mini faɗi. Rana ta huɗu na tare ta a matakala na ce, "Zo ki ga wani abu." Ni na ɗaga labulen da hannuna.

"Sulhafa!" ta ce, wato kunkuru da Larabci, ta dafe kumatu.

"Shhh. Sirri ne, ni da ke. Kada ki gaya wa Sitti. Kada ki gaya wa Mama. In kin faɗa, za a zo a kwashe su."

Ta ɗora yatsa a baki ta gyaɗa kai. Daga ranar ba ta sake fashi ba. Ta zaɓi ɗaya mai tabo a baya ta ce nata ne. Tana ɗora shi a tafin hannu, tana yi masa waƙa da Larabci, tana sumbatar bayansa. In ta gama in goge mata hannu da gefen zanena in miƙa mata dabino. Sau nawa na yi haka, ban ƙirga ba.

Ranar wata Talata ba ta zo ba. Da azahar na ji muryar Sitti a matakala tana kiran mai mota. Zazzaɓi ne da gudawa suka kama Rahaf tun asuba, har da jini. Na zura hijabi na bi su asibiti.

Aka kwantar da ita, aka sa mata ruwa. Likitar mace ce, ta yi ta tambayoyi da Larabci, Sitti tana amsawa. Me ta ci, ina ta je, akwai wani marar lafiya a gida. Sai na ji ta jero wasu kalmomi, a ciki na tsinci wadda na sani: sulhafa. Sitti ta ce la, la, wato a'a, ba su da ko mage. Sannan ta juyo gare ni.

"Diktora tana tambaya ko ta taɓa wata dabba. Kaza, tsuntsu, kunkuru. Ya binti, 'yata, a ɗakinki fa? Mijinki ba ya kawo komai daga shago?"

Ba tuhuma a muryarta. Tambaya ce irin ta cika sharaɗi. A zuciyata na ga kwalin, na ga Baban Ummi ya cire hula, na ga an sa shi a motar 'yan sanda. Na ce, "Babu komai, Sitti."

Rahaf tana kwance, idonta biyu. Ta dube ni. Leɓenta ya bushe ya tsage. Ta juya ta kalli bango.

Da yamma na gaya wa Baban Ummi. Ya daɗe yana kallon labulen kicin. Ya ce, "Asibiti ne, za su yi gwaje-gwajensu, za su gano. Wataƙila ma ba shi ba ne. Yara suna gudawa kullum." Na ce haka ne. Muka zauna da abinci a gaba, ba wanda ya kai loma. Ya kira Abu Faisal ya ce a zo a kwashe, aka ce masa bukra, gobe. Goben da aka yi mako biyar ana faɗa.

Laraba zazzaɓin bai sauka ba. Na yi salla na ɗaga hannu zan roƙa wa Rahaf lafiya, sai na kasa. Da wane baki? Ina roƙon Allah Ya nuna wa likita abin da ni na sani na rufe. Na sauke hannuna.

Da la'asar ɗin ranar aka ƙwanƙwasa. Sitti ce, ta dawo ɗaukar kaya, idanunta sun faɗa. Langar ce a hannunta.

"Maƙwabta sun cika mu da abinci, ba mai ci. Karɓi. Tun jiya kike zirga-zirga da mu, ko girki ba ki yi ba. Allah Ya yi miki albarka, ya binti. Uwarta ma ba ta fi ki damuwa ba."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce amin. Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis da safe na koma asibiti. Sitti ta fita alwala, uwar tana waje tana waya. Na zauna a bakin gadon na riƙe hannun da ba a sa wa allura ba. Ya yi zafi, ya yi ƙanƙanta. Rahaf ta buɗe ido, ta jawo hijabina har kunnena ya kai bakinta. Ta haɗa 'yar Hausarta da ƙyar.

"Khala, sulhafa ya ci abinci?"

Na ce ya ci.

"Ni ban faɗa ba. Sitti ta tambaya. Ban faɗa ba."

Tana jira in yaba mata.

Na fita baranda na kira Baban Ummi. Na ce, "Zan faɗa." Na ji kukan tsuntsayen shago a bayansa, na ji numfashinsa. Sannan ya ce, "Da Ummi ce fa. Faɗa musu. Ki ce ni na kawo."

Na sami Sitti tana dawowa, ruwan alwala bai bushe a fuskarta ba. A tsaye na gaya mata, a tsakiyar hanya, mutane suna wucewa. Ban iya kallon sama da ƙafafunta ba. Ba ta yi ihu ba.

"Tun yaushe suke ɗakinki?"

"Mako biyar."

"Shekaranjiya da diktora ta tambaya, kin gane abin da ta ce?"

"Na gane."

Ta wuce ni kamar ginshiƙi, ta nufi ofishin likita. Cikin awa ɗaya aka sake ɗibar jini da bayan gida, aka canza magani. Likitar ta ce irin waɗannan ƙananan kunkuru suna ɗauke da wata ƙwayar cuta a jikinsu da ruwansu, su ba ta yi musu komai, babba ma yakan sha da sauƙi, amma ƙaramin yaro tana iya shiga jininsa. Ta ce dole ta rubuta ta sanar. Har yau ban sani ba ko kwana biyun da na yi shiru su suka sa ciwon ya kai inda ya kai. Na tambayi likitar ta bakin wata ma'aikaciya, ta ce Allahu a'alam. Na so ta ce a'a.

Sai bayan azahar Sitti ta yi mini magana. Muna zaune a benci, akwai wurin mutum biyu tsakaninmu.

"Iƙama," ta ce. "Don iƙama. Ni a garin nan aka yanke mini cibiya, na haura saba'in, har yau kati nake ɗauka a jaka kamar wadda ta zo jiya. Kin ɗauka ban san tsoron nan ba? Da shi na yi aure, da shi na aurar. Da kin ja ni gefe kin gaya mini, da tare za mu nemi yadda za a yi." Ta cire tabarau ta goge. "Cutar, ma'alesh, ba komai, ba ki sani ba. Ƙaryar da kika yi mini, tsoro ne, na san shi. Amma kin koya wa yarinya ta ɓoye mini abu. Tana kwance tana ƙonewa, ina tambayarta, tana kallon bango. Wannan ban san inda zan ajiye shi ba."

Na sunkuyar da kai.

Bayan kwana biyu wasu ma'aikata biyu suka zo da safar hannu da akwati mai ramuka. Ba su ɗaga murya ba. Suka tambayi Baban Ummi inda dabbobin suka fito, ya faɗa musu gaskiya. Na tambayi ɗayan ina za a kai su, ya ce akwai wurin da ake kula da irinsu. Na ga mai tabon nan yana miƙa wuya har aka rufe murfin. An rufe shagon na ɗan lokaci. Abu Faisal bai zagi Baban Ummi ba, bai ma ɗaga wayarsa ba. Saƙo kawai ya aiko cewa ba zai sabunta iƙamar ba, an buga masa takardar barin ƙasar gaba ɗaya. Shekara shida na aiki suka ƙare a nan. Baban Ummi bai taɓa ce mini ke kika ja ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ma wani nauyin ne.

Dokar da na yi wa dariya, na ce kunkuru da iƙama, ashe a cikinta akwai 'yar takardar da mijina ya fara yi mini maganarta na katse shi.

Rahaf ta yi kwana tara aka sallame ta. Na hango ta ta taga ana fito da ita daga mota, ƙafafunta kamar sillen kara. Ba ta sake ƙwanƙwasa mini ƙofa ba, ni ma ban nema ba.

Langar tana wajena tun ranar Larabar nan. Ana jibi za mu tashi, na yi ɗanwake da sauran kukar da Sitti ta ba ni. Na wanke langar da sabulu da ruwan zafi har sau uku, na zuba, na rufe, na tsaya a ƙofarta na yi sallama. Ta buɗe rabi. Ta dubi langar, ta dube ni.

"Ku ci da mijinki, kuna da tafiya."

"Sitti, langarki ce."

"Na sani. Ki riƙe."

"Ba a riƙe kwanon..."

"Saudatu, na ce na sani. Ki riƙe." Daga cikin ɗaki na ji ƙaramar murya ta ce Khala. Sitti ba ta juya ba, ba ta kuma matsa daga bakin ƙofar ba. Ta ce, "Yalla, yi wa Khala sallama daga nan." Muryar ta ce ma'assalama. Sitti ta ce, "Allah Ya kai ku lafiya. Ki shafa mini kan Ummi." Ta rufe a hankali.

Yau shekara biyu ke nan muna Haɗejia. Baban Ummi yana sayar da abincin kaji a bakin kasuwa. Langar tana saman kabad ɗina, ban taɓa zuba komai a ciki ba. Wani lokaci in ce kyauta ce ta yi mini, irin wadda uwa take yi wa 'yar da za ta yi nisa. Wani lokaci in ce a'a, ta dai rufe hanyar da kwano yake bi ne tsakanin ƙofarta da tawa. Na aika wa Sitti gaisuwar murya ta waya a sallah biyu. Ta saurara, alamar ta nuna. Ba ta amsa ba.

Rannan Ummi ta hau kujera ta sauko da ita, ta ce, "Mama, wannan kwanon na waye? Ba ma ci a ciki."

Na ce na maƙwabciyata ce.

Ta leƙa ciki, ta ce, "To ai ba komai. Ki zuba wani abu in kai mata."